Allura ta tono garma: yadda canjin suna ke hana mutane samun katin hawa jirgi a Amurka

Ranar 7 ga watan Mayu 2025 ne dokar nan da ake kira REAL ID, wadda ta tsaurara sharuɗɗan katin shaidar da ake nunawa kafin hawa jirgi, ta fara aiki gadan-gadan a filayen jiragen saman Amurka, kuma duk wanda ya bibiyi labaran ƙasar a makonnin da suka gabaci ranar ya ga hotunan layi, layi irin wanda mu muka saba gani a gidan mai lokacin wahalar fetur, mutane sun fito tun asuba sun zagaye ofisoshin lasisin tuƙi, wasu har da kujerar zama. To a cikin masu layin nan akwai waɗanda ko sun kai gaban kanta sai an juyo da su gida, kuma da yawansu mata ne, wasu tsofaffi masu jikoki, an haife su a ƙasar, sun yi shekara arba'in suna biyan haraji da suna ɗaya, amma wai ba su iya tabbatar da cewa su ne su ba. Laifinsu kawai sun yi aure sun ɗauki sunan miji.

Kafin a gane yadda abun ya kai haka sai an fara sanin wani abu da yake ba mutanenmu mamaki, wato Amurka duk girmanta ba ta da katin ɗan ƙasa guda ɗaya irin na NIN ɗinmu ko irin katin da ake da shi a Nijar. Abin da mutum ke nunawa a banki, a otal, a filin jirgi, shi ne lasisin tuƙi, kuma lasisin nan jihohi ne suke bayarwa ba gwamnatin tarayya ba, kowace jiha da ofishinta da ƙa'idarta, har sunan ofishin ma ba ɗaya ba ne, a Kalifoniya da New York DMV ake cewa, a Ohio BMV, a Maryland MVA, a Illinois kuwa ofishin sakataren jiha ne yake yi. Haka aka taho shekara da shekaru, wata jihar da tsanani wata da sassauci, har harin 11 ga Satumba 2001 ya faru. Kwamitin da ya binciki harin ya fitar da rahotonsa a 2004, ya ce cikin maharan nan 19 duka in ban da mutum ɗaya sun mallaki wani nau'in katin shaida na Amurka, wasu ta hanyar maguɗi. A jihar Virginia ma biyan wani suka yi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya sa musu hannu cewa mazauna jihar ne. Daga nan ne ɗan majalisa James Sensenbrenner na Wisconsin ya kawo ƙudirin, aka cusa shi cikin dokar kasafin kuɗin yaƙi da agajin tsunami wadda ba wanda zai iya ƙin sa mata hannu, George W. Bush ya rattaba hannu a Mayun 2005.

Da farko an ce dokar za ta fara aiki a 2008. Jihohi suka ce ba su san zance ba, Maine ce ta fara bore a 2007, Montana da wasu suka biyo baya, masu ra'ayin riƙau suna cewa katin ɗan ƙasa ne aka shigo da shi ta bayan gida, masu kare haƙƙin jama'a su ma suna faɗin haka, gwamnoni kuma suna cewa wa zai biya, don ƙiyasin farko na ma'aikatar tsaron cikin gida ya kai dala biliyan 23. Aka yi ta ɗagewa, aka sa Oktoban 2020 korona ta zo, aka ce Oktoban 2021, aka ce Mayun 2023, sannan Mayun 2025. Shekara ashirin cif. Ni a ganina wannan ɗage-ɗagen shi ma ya taimaka wajen cutar da mutane, sabida kowa ya saba ana cewa ga kura nan ga kura nan ba a ganinta, shi ya sa da yawa ba su motsa ba sai da wankin hula ya kai su dare.

Abin da dokar ke nema a baki ba shi da yawa. Ka kawo shaidar cikakken sunanka na doka da ranar haihuwa, lambar Social Security, wato lambar da hukumar fansho ta tarayya ke ba mutum, takardu biyu masu nuna inda kake zaune, da shaidar cewa zamanka a ƙasar halastacce ne. In ka cika sai a ba ka lasisi mai tauraro a sama, na Kalifoniya ma har da hoton dabbar beyar mai ruwan zinare. In ba ka cika ba a yawancin jihohi za a iya ba ka lasisi na gama-gari, ka yi tuƙinka, amma an rubuta a jikinsa cewa ba ya aiki a harkar tarayya, ke nan ba ka wuce jami'an TSA, hukumar binciken matafiya, da shi a filin jirgi. Inda gizo ke saƙar shi ne wannan kalma ta cikakken suna na doka. In sunan da ke takardar haihuwarka shi ne har yau sunanka, shi ke nan minti goma ka gama. In kuwa ya taɓa canzawa ko sau ɗaya ne, to sai ka kawo takardar da ta haɗa tsohon da sabon, in sau uku ya canza takarda uku, kowacce ta kama hannun 'yar'uwarta.

Ɗaliban hadisi za su fi kowa saurin gane wannan tsari, don salsala ce sak. Wane ya ji daga wane, wane ya ji daga wane, in mutum ɗaya ya faɗi a tsakiya isnadi ya yanke, ko da kowa ya san maganar gaskiya ce. A ce an haifi mace a 1955 da sunan gidan Brown, ta yi aure a 1976 ta koma Miller, auren ya mutu a 1984, ta sake aure a 1989 ta koma Davis, mijin ya rasu ta ci gaba da amfani da sunansa. Yau ta je da takardar haihuwa mai Brown da tsohon lasisi mai Davis da takardar auren 1989. Ma'aikacin zai duba ya ga takardar auren ta ce Miller ce ta auri Davis, sai ya ce to Hajiya ina Miller ta fito, mu Brown muke gani a nan. Dole ta koma neman takardar auren 1976, auren da wataƙila ba ta ma son tunawa da shi, da mutumin da rabonta da shi shekara arba'in, a wani gari da ta bari tun tana da ƙuruciya. Ka ga allura ta tono garma.

Wani zai ce to ai sai ta je ta karɓo, Amurka ce fa komai na kwamfuta. A nan ne mutane ke kuskure. Takardun aure a mafi yawan jihohi suna hannun gundumomi ne, wato irin ƙananan hukumominmu, kuma ƙasar tana da gundumomi sama da 3,000, kowacce da magatakardanta da kuɗinta da tsarinta, wata za ta aiko maka ta intanet cikin mako guda, wata sai ka rubuta wasiƙa ka haɗa da takardar kuɗi ta gidan waya ka zauna jira. Sai ma kin tuna a wace gunduma aka yanki takardar, don ba lallai inda aka yi biki ba ne. Takardun saki kuma suna kotun da ta raba auren. Sannan ba kowace takarda ake karɓa ba, wannan mai ado da furanni da limamin coci ya sa wa hannu, wadda aka sa a firam aka rataye a falo shekara talatin, ita ba komai ba ce a wurinsu, sai mai hatimin hukuma. Haka takardar haihuwa ta asibiti mai ɗan sawun ƙafar jariri, ita ma abin tunawa ce kawai. Fotokwafi kuwa ko kallo bai ishe su ba. 'Yan Puerto Rico nasu ya fi, don gwamnatin tsibirin ta soke duk takardun haihuwar da aka bayar kafin Yulin 2010 saboda yawan satar su da ake yi, duk mai tsohuwa sai ya nemi sabuwa. Akwai kuma tsofaffin baƙaƙen fata na kudancin ƙasar da ungozoma ta karɓi haihuwarsu a gida zamanin wariya, wasu ba a yi musu rajista ba sam, wasu an yi amma an rubuta sunan ba daidai ba.

Har da ƙananan abubuwa da ba wanda ya ɗauka za su zama matsala. Al'ada ce a wurin matan Amurka da yawa in sun yi aure su jefar da sunan tsakiya su mayar da sunan gidan ubansu tsakiya, ba tare da wata takarda ta ce haka ba, kawai haka aka rubuta a ofis shekarun baya aka wuce. Wata kuma bayan saki ta koma sunan gidansu amma alƙali bai rubuta hakan a cikin hukuncin ba, don ba ta roƙa ba, ba ta san ana roƙa ba. Wani an haife shi William duk rayuwarsa Bill yake rubutawa. Wani kuma agola ne, mijin uwa ya riƙe shi tun yana shekara uku, aka sa shi makaranta da sunan mijin uwar, ya yi soja da shi ya yi ritaya da shi, ba a taɓa zuwa kotu ba. Duk waɗannan a da ba wanda ya damu, yanzu kowanne guntun salsala ne da ya yanke.

In ana maganar yawan waɗanda abun ya shafa, binciken cibiyar Pew na 2023 ya nuna kashi 79 cikin 100 na matan da suka auri maza sun ɗauki sunan miji, kashi 14 ne suka riƙe nasu, kashi 5 suka haɗa biyun. Maza kuwa kashi 92 ba su taɓa sunansu ba. To ka ga doka ce da ba ta ambaci mace ko namiji ba ko sau ɗaya, amma a aikace miji zai shiga ofis da takarda huɗu ya fito da tauraronsa, matar da suka zo tare a mota ɗaya za a ce ta dawo. Kuma duk dawowa na nufin sake neman rana a intanet, wadda a jihohi irin su New Jersey a lokacin ta zama kamar neman kujerar Makka, da sake ɗaukar hutun aiki ga mai aikin da ake biya da awa. Wannan maganar ta sake tasowa ma a Afrilun 2025 lokacin da majalisar wakilai ta amince da ƙudirin da ke neman shaidar zama ɗan ƙasa kafin rajistar zaɓe, inda masu suka suka yi ta kawo ƙiyasin cewa mata kusan miliyan 69 ne sunansu na yanzu bai dace da na takardar haihuwarsu ba. Wannan dai wani zance ne daban, na kawo shi ne don a ga girman adadin.

Akwai wani rukuni da ya fi ba ni tausayi, kuma ya shafe mu ta wajen addini. Tsohuwar dokar gargajiya da Amurka ta gada daga Ingila ta yarda mutum ya canza sunansa ta hanyar amfani da shi kawai, matuƙar ba don zamba ba ne, ba sai ya je kotu ba. Kowa ya san Muhammad Ali, an haife shi Cassius Clay a Louisville a 1942, ya karɓi sabon suna a 1964. To bayansa akwai dubban baƙaƙen fata da suka musulunta a shekarun 1960 da 1970, aka raɗa musu suna a masallaci, suka je ofisoshin gwamnati na lokacin aka rubuta musu sabon sunan ba wata doguwar tambaya, suka haifi 'ya'ya da shi suka aurar da jikoki da shi. Wasu sun je kotu, wasu ba su je ba don a lokacin ba dole ba ne. Yau wanda bai je ba ɗin nan, dattijo mai shekara 75, shi za a ce wa ya kawo hukuncin kotu na canjin da ya yi tun kafin a haifi ma'aikacin da ke tambayarsa. Mafita ita ce ya shigar da ƙara yanzu yana roƙon alƙali ya ba shi sunan da yake amsawa shekara hamsin. A kotun farar hula ta birnin New York dala 65 ne, da sauƙi, amma a Kalifoniya kuɗin shigarwa kaɗai ya haura dala 430, sannan a buga sanarwa a jarida sau ɗaya a mako har mako huɗu, wannan ma da kuɗinsa, ga jiran ranar zama. In tafiyar ta jana'iza ce ko ta duba mara lafiya ai kafin a gama an yi sadakar arba'in.

Sai kuma mu baƙi, 'yan Najeriya da Nijar da 'yan zangon Gana da ke zaune a Bronx da Greensboro da Houston da sauransu. Mu matsalarmu ta faro ne tun daga gida, sabida tsarin sunanmu da nasu ba ɗaya ba ne. Su suna da sunan gida da ake gada kaka da kakanni, mu kuwa sunanka ne da na mahaifinka, wani lokaci garinku, ai Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk sunan gari ne a ƙarshe. Yaro ɗaya a firamare hedimasta ya rubuta masa sunan uba, a sakandare ya ƙara sunan gari, a fasfo wani ejan ya juya na farko ya koma na ƙarshe. Ga bambancin rubutu, Muhammad da Mohammed da Mahamadou, Usman da Ousmane, A'isha da Aichatou, ya danganta da Ingilishi ne ya mulke ku ko Faransa. Ga 'yar waƙafin sama ta Sa'adatu da Mu'azu da Isma'il wadda wata kwamfutar ke haɗiyewa, wata ta mayar da ita fili suna ɗaya ya zama biyu. Wanda kuma fasfonsa ya zo da suna ɗaya tal, a biza sai a rubuta masa FNU a gurbin sunan farko, ma'ana ba a san sunan farko ba, kuma akwai mutane da haruffan nan uku suka bi su har kan katin aiki da lasisi kamar sunan yanka. A gida in an sami irin wannan saɓani rantsuwar kotu da sanarwar jarida sun wadatar, a can ma'aikacin ofishin lasisi yana tura bayananka ne cikin rumbun hukumar shige da fice da ake kira SAVE, in bai dace ba sai a ce an tura ƙarin bincike, ka je ka jira.

Matanmu kuma nasu kala biyu ne. Asali dai mace a wurinmu ba ta barin sunan ubanta, malamai ma suna kafa hujja da ayar Suratul Ahzab da ta ce a kira mutane da sunan ubanninsu, kuma wallahi duk wadda ta tsaya a kan haka ta huta da kashi mafi girma na wannan wahala, ba wa'azi nake ba, lissafi ne kawai. Amma wadda ta zo ta bi yayin Misis wance don ta dace da 'ya'yanta a makaranta ko inshora, ita za a tambaya takardar aure. Mu kuwa aurenmu waliyyi ne da sadaki da shaidu, a raba goro da alewa a watse, ba kowa ke da takarda ba, in ma akwai to ta masallaci ce ko ta kotun shari'a da Hausa ko Larabci ko Faransanci, sai an nemi fassara mai shaida, kuma kowace jiha da yadda take kallonta. Wanda aka ɗaura a masallaci a can Amurka ba tare da an yanki lasisin aure na gunduma ba shi ma matsayinsa ɗaya da takardar cocin nan mai furanni. Sannan ko takardar auren ta samu, lasisi yana bin abin da ke takardun shige da fice ne, mai girin kad, wato katin zama na dindindin, da ta canza suna sai ta cike fom I-90 ta biya sama da dala 400 ta jira watanni. In kuma tana so fasfon Najeriya ya bi sahu to sai an fara gyara NIN tukuna, don fasfon ba ya fita sai ya dace da shi, ka ga salsalar ta tsallaka teku ta dawo gida. Dama ɗaya mai sauƙi da na sani ita ce lokacin karɓar takardar zama ɗan ƙasa, a fom N-400 ana iya roƙon canjin suna, in rantsuwar a gaban alƙali aka yi sai a ba ka takardar kotu a ranar ba ƙarin kuɗi. Wanda ya bari wannan ta wuce shi, gyaran takardar daga baya ya haura dala 500.

Ko wanda takardunsa suka cika ma yana iya faɗawa rami in bai bi jeri ba. Ofishin Social Security ake fara zuwa da fom SS-5, kyauta ne, a jira kwana ɗaya ko biyu rumbunsu ya ɗauka, sannan a je ofishin lasisi, sabida kwamfutar ofishin lasisi tana tambayar ta Social Security ne kai tsaye, in aka juya jerin sai ta ce ba ta san wannan suna ba. Bayan an gama kuma a jihohi da yawa ba a miƙa maka katin a ranar, wata takarda ta wucin gadi ake bugo maka, katin ya biyo ta gidan waya bayan mako biyu ko fiye, kuma TSA ba ta karɓar wannan takarda. Mutum ya yi layi ya biya ya ci jarrabawa, ga shaida a hannunsa, amma jibi in ya je filin jirgi bai da abin nunawa. Ga kuma tikiti, tun 2009 da aka fara tsarin Secure Flight kamfanonin jirgi ke karɓar cikakken suna da ranar haihuwa su tura wa gwamnati a tace da jerin waɗanda ake nema, don haka sunan tikiti dole ya dace da katin da za ka nuna a ranar tafiya. Amare da yawa a nan suke ƙonewa, ango cikin zumuɗi ya sayi tikitin yawon amarci da sabon suna alhali lasisi da fasfo duk da tsohon suke.

Abin dariyar shi ne duk wannan wahala akwai ƙofar baya, kuma gwamnatin ce da kanta ta bar ta a buɗe. Fasfo. Duk mai fasfon Amurka da bai mutu ba bai buƙatar tauraro don hawa jirgi, kuma in fasfon na ɗauke da sunanta na yanzu to a yawancin jihohi shi kaɗai ya isa shaidar suna a ofishin lasisi, ba a tambayar aure na ɗaya balle na biyu. Ke nan matar da ta taɓa fita yawon buɗe ido ta yi fasfo da sunan Davis ta tsallake, maƙwabciyarta da ba ta taɓa barin jiharsu ba ita ce za ta tono auren 1976. Kusan rabin 'yan ƙasar ne ke da fasfo, kuma ba sai an faɗa maka wane rabin ba ne, masu hali ne da 'yan birni. Sabon fasfo na babba dala 165 ne, in ana sauri a ƙara 60, ƙaramin katin fasfo kuma 65 a karon farko, shi ma yana shiga jirgin cikin gida. Wadda ta canza suna cikin shekara guda da fitowar fasfonta fom DS-5504 za ta cike, ba a biyan komai. Ma'aikatar harkokin waje ma har ta fi ofishin lasisi fahimtar rayuwa, don tana da hanya ga wanda ya canza suna ba kotu ba aure, fom DS-60, mutum biyu da suka san ka da sunayen biyu su yi rantsuwa, ka haɗa da takardun hukuma uku masu nuna ka yi aƙalla shekara biyar kana amfani da sabon. Wato takardar da ta fi ƙarfi, wadda za ta kai ka Jidda ko Landan, ita ce wani lokaci ta fi sauƙin samu a kan wadda za ta kai ka Chicago. Kuma fasfon ƙasar waje ma yana cikin jerin abin da TSA ke karɓa, haka girin kad da katin izinin aiki, don haka ɗan Zinder da ya sauka jiya da koren fasfonsa zai wuce, tsohuwar da aka haifa a Alabama tana gefe ana mata tambayoyi.

Ban ce hujjar gwamnati ba ta da tushe ba fa. In ana karɓar kowane suna ba tare da an ga inda ya samo asali ba, to mai laifi zai iya wanke kansa da sabon suna a wata jiha, kuma wannan ya faru a baya ba sau ɗaya ba. Inda nake ganin an yi rashin adalci shi ne ƙasa ta ƙi gina rumbu ɗaya don tsoron gwamnati ta san komai a kan kowa, wanda ra'ayi ne da za a iya fahimta, sannan ta zo tana neman daidaito irin na mai rumbu ɗaya, aikin haɗa bayanan gundumomi 3,000 da kotuna da ofisoshi sai aka ɗora shi a kan ɗaiɗaikun mutane, kowa ya zama masinjan kansa. Kuma maharan da aka yi dokar dominsu duk suna da fasfon ƙasashensu, wanda har gobe ana hawa jirgi da shi. Tsuntsun da ya ja ruwa daban, wanda ruwan ya doka daban.

Da ranar ta zo ma ba a ga tashin hankalin da aka yi tsammani ba. TSA ta ce kashi 81 cikin 100 na matafiya sun riga suna nuna katin da ya dace, kuma ana gobe za a fara, sakatariyar tsaron cikin gida ta lokacin Kristi Noem ta faɗa wa majalisa cewa marasa shi ma za su tashi, sai dai a ware su wani layi a ƙara musu bincike. Haka aka yi ta yi har ƙarshen shekara, sannan aka sanar da cewa daga 1 ga Fabrairu 2026 duk wanda ya zo ba katin da ya dace zai biya dala 45 a tantance shi ta wani tsari mai suna ConfirmID, kuɗin na kwana goma ne, in tafiyarka ta wuce haka ka sake biya a dawowa, kuma hukumar ta faɗa ƙarara cewa biyan ba ya nufin dole a gane ka a bar ka ka wuce. Yara 'yan ƙasa da 18 dai ba a tambayarsu kati a jirgin cikin gida, to kaka ce za ta biya 45 ɗin ta tsaya amsa tambayoyi, jikan da ta riƙo wa hannu yana jiranta a ɗaya gefen.